Injin hazo da ya riƙa mutuwa a tsakiyar dina: bin diddigin zafin da ya wuce ƙima

Injin na wani mai ba da hayar fitilu da kayan sauti ne a Kano, wanda yawancin aikinsa dinar biki ne da tarukan kamfanoni a manyan zauruka. Injin hazo ne mai hita a ciki, wat 1000, mai cin wuta bolt 230, kuma na hannu ne da aka shigo da shi daga Turai. Kada a haɗa shi da injin hayaƙin nan da ke tofo farin gajimare lokacin shigowar ango da amarya, bayan minti biyu ya baje. Shi wannan a hankali yake sakin siririn hazo tun daga buɗe taro har a tashi. Ido ba ya kama shi sosai, amma sai da shi ake ganin sandunan hasken fitilu a iska. Idan babu shi, fitila komai tsadarta ɗigo kawai za ta yi a bango. Injin hayaƙi daƙiƙoƙi yake aiki ya huta, shi kuwa wannan sai ya yi awa uku ko huɗu bai tsaya ba, kuma duk raunin da ke cikinsa doguwar tafiyar nan ce ke fito da shi.

Da aka kawo min shi shago, maganar maigidan gajera ce: "Malam, hita ce ta ƙone. Duba min lambarta in sa a nemo a Legas." Ban musa masa ba, sai dai na ce yaron da ke riƙe da injin a wurin aiki ya zauna ya ba ni labarinsa tun daga tushe. Mai kaya ya san ranar da abu ya mutu, amma yaron da ke kunna shi kullum shi ya san yadda ciwon ya faro.

Ga abin da yaron ya ce. Tun da daɗewa injin ya fara jinkirin shiryawa. A da 'yan mintuna kaɗan yake ɗumama ya nuna ya shirya, sai ya koma jan lokaci, ba wanda ya damu. Daga baya ya fara yankewa: yana cikin aiki, rabin awa ko fiye da haka kaɗan, sai hazo ya ɗauke, allon ya koma nuna cewa yana ɗumama, alhali murfinsa ba ya taɓuwa don zafi. In aka kashe shi ya huce, sai ya dawo garau kamar ba shi ba. Sannan ya ƙara da wata magana da maigidan ya so ya katse: "Oga, in na ƙure fanka don hazon ya kai ƙarshen hol, ya fi saurin mutuwa." A zahiri maganar ba ta da ma'ana, domin kowa ya san fanka sanyaya abu take yi. Na rubuta ta na ajiye a gefe.

Da yankewar ta ishe su, sai suka kai shi wurin wani mai gyaran kayan wuta. Ya dawo ba ya yankewa, aka yi murna. A dinar da ta biyo baya, ana tsakiyar hidima, hazon ya fara fitowa da ratsin rawaya da wani wari mai yaji kamar na man da ya ƙone a kasko. Mutanen teburan gaba suka fara tari da share ido, wata hajiya daga dangin amarya ta aiko a kashe abin nan. Kafin yaron ya kai hannu injin ya yanke da kansa, kuma tun daga daren bai sake ɗumama ba.

Abin da ke riƙe da hitar

Cikin irin wannan inji ba shi da sarƙaƙiya. Akwai tankin ruwan hazo. Wani ƙaramin famfo mai karkarwa yana zuƙo ruwan ya tura shi cikin siririn bututu da aka nannaɗe aka binne a cikin dunƙulen alminiyam tare da sandar hita. Dunƙulen yana zama a zafin da ya haura digiri 200 nesa ba kusa ba, a injuna da yawa yana kusantar 300. Ruwan yana shiga yake zama tururi, ya fito ta baki, ya haɗu da iska mai sanyi ya koma ƙananan ɗigo masu shawagi, fanka ta kwashe su ta baza a zaure.

Ita hita ba ta san iyaka ba. Muddin akwai wuta a kanta za ta yi ta hawa, kuma alminiyam a digiri 660 yake narkewa. Abubuwa uku ke riƙe da ita, hawa-hawa. Na farko sensa, wato siririyar wayar tamokoful da aka ɗaure kanta a jikin dunƙulen. Ita ke gaya wa bod, wato faifan lantarkin da ke sarrafa injin, yawan zafin, shi kuma bod yana kunna hita yana kashewa ta hannun wani makunnin lantarki da ake kira tirayak, ko rile a wasu injunan. Na biyu makunnin kariya mai fallen ƙarfe biyu a ciki, wanda ke buɗewa idan zafi ya wuce ƙa'ida, ya rufe da kansa in ya huce. Na uku fiyus ɗin zafi, shi sau ɗaya yake aiki: in ya narke ya narke. A inji mai lafiya na biyu da na uku ba su da aikin yi ko kaɗan, har injin ya tsufa ba za a san suna ciki ba. Duk ranar da ɗayansu ya motsa, to na farkon ne ya gaza riƙe abin da aka ba shi.

Da na cire fulogi na tabbatar dunƙulen ya yi sanyi, hitar na fara aunawa, tunda ita aka zarga. Lissafinta mai sauƙi ne: 230 sau 230 a raba da 1000, ya ba da om 52.9, wato juriyar da ya kamata mita ta gani a hita mai lafiya. Mita ta nuna kusan 53. Na auna tsakanin ƙafafunta da jikin dunƙulen, babu yoyon wuta. Hita lafiyarta ƙalau, an huta da aike Legas. Fiyus ɗin zafi ne ya narke. A kan makunnin kariya kuwa sai ga guntuwar waya an haɗe ƙafafunsa biyu da ita an naɗe da tef, tef ɗin ma ya ƙandare ya yi baƙi. Wannan shi ne gyaran da aka yi.

Ba zan ce mai gyaran farko bai san aiki ba. Wanda ya saba da dutsen guga da butar dafa ruwa ya sha ganin irin wannan makunni ya tsufa yana yankewa tun zafi bai kai ba, don haka zarginsa yana da tushe. Inda ya kauce shi ne bai auna zafin dunƙulen ba kafin ya yanke hukuncin cewa makunnin ƙarya yake yi, kuma na tabbata gwajin da ya yi a kan tebur ne, murfi a buɗe, na ɗan lokaci. Makunnin gaskiya yake faɗa. Da aka rufe masa baki, zafin ya wuce ya tarar da fiyus, kuma da babu fiyus ɗin, abin da zai biyo baya wayoyi ne su kama, a ƙarƙashin tebur mai lulluɓe da yadi, a zauren da ke cike da mutane.

Waɗanda ake zargi

Sa sabon fiyus a rufe a miƙa wa mai shi ba gyara ba ne, zai sake narkewa. Tambayar ita ce me ya sa dunƙulen yake wuce zafinsa.

Maigidan janareta ya zarga, kuma a wurinmu zargi ne da ba a raina shi. Ƙarfin hita yana hawa ne da ƙarfin wuta sau kansa: idan bolt 230 ya koma 250, hitar wat 1000 za ta ba da kusan 1180, ƙarin kashi 18 cikin ɗari. Amma wannan ba ya sa inji mai lafiya ya wuce zafinsa. Zai yi saurin kaiwa ne kawai, sensa ta faɗa, bod ya kashe. A gaskiya ƙarancin wuta ya fi cutar da waɗannan injuna, musamman in an ja musu doguwar siririyar waya daga bayan zaure an haɗa su layi ɗaya da fitilu: famfo ya yi rauni, fanka ta rage gudu. Ban da haka, injin ya yi wannan ciwo a zauruka daban-daban, a kan janareta da wutar Nepa duka. Na sallami janareta.

Sai iska. Nan kam akwai laifi a fili. Matatar da iska ke shiga ta toshe da wani abu kamar ƙullu, wato ƙurar hunturu ta haɗu da danƙon ruwan hazo da injin ke sake zuƙowa daga iskar zauren. Fukafukan fanka ma haka. Yaron ya tabbatar min cewa masu kwalliyar wuri ba sa son ganin injin, sai su sa a tura shi ƙarƙashin tebur a saki yadi har ƙasa, a bar masa 'yar kafa a gaba. Kamfanoni da yawa suna rubuta digiri 40 a matsayin iyakar zafin wurin da injinsu zai yi aiki, kuma a Kano cikin watan Afrilu iskar waje ma takan wuce haka, ga shi ana haɗa kaya da rana tun ba a kunna esi ba. Duk wannan gaskiya ne, amma dole a bambance zafi biyu. Rashin iska yana gasa bod, da tirayak, da famfo, da wayoyi, su da aka yi su don su zauna da sanyi. Shi dunƙulen hita an yi shi ne don ya yi zafi, har naɗe shi ake da audugar kariya don kada zafin ya tsere. Ko iskar ɗaki ta tashi daga 30 zuwa 45, ba ita za ta tura shi ya wuce iyakarsa ba. Rashin iska zai iya kaiwa ga matsalarmu ta hanya ɗaya ce kawai: ya kashe tirayak.

Tirayak idan zai mutu, galibi a haɗe yake mutuwa, wato wuta ta riƙa wucewa ba tare da umarnin bod ba. Injin da ya kamu da wannan ba ya jiran rabin awa. Ana kunna shi zai hau ya wuce ba tsayawa, kowace rana, ko fanka na gudu ko ba ta gudu. Labarin yaron bai yi kama da haka ba. Duk da haka na auna manyan ƙafafunsa biyu wuta a kashe, ba a haɗe suke ba.

Toshewar bututu ita ce amsar da aka fi ba mutum in ya tambayi masu harkar, kuma rabin gaskiya ce. Ruwan da ke bi ta cikin dunƙulen yana kwashe zafi mai yawa yayin da yake zama tururi, saboda haka in ruwan ya ragu dunƙulen yana saurin hawa. Na cire tiyo daga bakin famfo na sa shi a kofin awo, ruwa na fita da kyau. Da na mayar ta cikin bututun dunƙulen, abin da ke fita ya ragu sosai. Ke nan akwai toshewa. Na tambayi yaron wane ruwa suke sawa, ya dubi maigidansa, maigidan ya amsa da kansa: tun da naira ta faɗi a 2023 galan ɗin na kamfani ya yi tsada, sai suka koma sayen gilisarin a kemis suna sirka shi da ruwan leda. Zan dawo kan wannan. Amma ita ma toshewa kaɗai ba ta isa ba. Injin nan yakan zauna a kunne ba ya fitar da komai, famfo a tsaye, ba ɗigon ruwa da ke wucewa, kuma bai kamata ya wuce zafinsa ba, tunda sensa tana nan tana gani. In rashin ruwa gaba ɗaya bai isa ya ƙona fiyus ba, raguwarsa ba za ta isa ba.

Saura sensa. Na cire wayar da aka haɗe makunnin da ita, na sa sabon makunni da sabon fiyus, ban taɓa komai a kan sensar ba. Na cusa tawa tamokoful ɗin ta mita a wani ramin noti da ke jikin dunƙulen na ɗaure ta tamau, na fito da wayar ta gefe, na mayar da murfi, domin in ba a rufe ba iskar ciki ba za ta bi hanyar da take bi a wurin aiki ba. A nan bari in yi wa masu bindigar auna zafi mai jan ɗigo gargaɗi: kada a dogara da ita a kan alminiyam mai sheƙi. Irin wannan ƙarfe ba ya fitar da hasken zafi kamar baƙin abu, sai bindigar ta nuna adadi ƙasa da gaskiya sosai, mutum ya tafi da tabbacin cewa komai daidai ne.

Na kunna, hannuna a kan makunnin bango. Tun a ɗumamawa lambobin biyu suka rabu: tawa tana gaba, ta allon injin tana biye a baya da tazarar digiri talatin da wani abu. Wannan ya bayyana jinkirin shiryawar da yaron ya fara gani. Dunƙulen ya daɗe da kaiwa, sensar ce ba ta ji da wuri. Sai na ƙure fanka kamar yadda ya ce yana yi. Lambar allon ta fara sauka, bod ya ga sanyi ya saki wuta gaba ɗaya a kan hita, tawa lambar kuma ta kama hawa. Da tazarar ta haura saba'in na kashe, ban jira makunnin kariya ya yi min aikin ba.

Bayan ya huce na buɗe audugar da ke naɗe da dunƙulen. Wani ɗan yoyo a mahaɗar bututu ya jiƙa ta tsawon lokaci, ta yi nauyi ta zame ƙasa, ta bar gefen da sensar take a buɗe. Sukurun da ke danne kan sensar ya kwance har ana juya shi da yatsa, kan nata yana lilo, yana taɓa ƙarfen da ƙyar. Kamar a sa wa mai zazzaɓi ma'auni a kan riga maimakon cikin hammata, sannan a kunna masa fanka: ma'aunin zai ce lafiyarsa lau. Maganar yaron da ta yi kama da shirme ita ce ainihin shaidar. Iskar fanka tana bi ta kan sensar tana sanyaya ta, ba ta sanyaya dunƙulen.

Kwancewar sukurun ba abin mamaki ba ne. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kimanin 23 da 12 cikin miliyan a kowane digiri. Duk kunnawa da kashewa ramin yana buɗewa yana tsukewa a kan sukurun. A ƙara da karkarwar famfo sau 50 a daƙiƙa, da jijjigar bayan a-kori-kura daga wannan zaure zuwa wancan.

Kafin in mayar da ita na so in san ko ita kanta sensar tana da lafiya. Nau'in K ce, wadda ke ba da kusan maikurobolt 41 a kowane digiri. Na tsoma kanta a ruwa mai tafasa, wanda a tsayin ƙasar Kano yake tafasa a wajen digiri 98, ɗakin kuma yana wajen 30, tazarar digiri 68 ke nan, mita ta nuna tsakanin milibolt 2.8 da 2.9 (milibolt ɗaya maikurobolt dubu ne). Daidai ke nan. Bod ɗin ma na gwada shi ta hanyar da nake so ƙwarai: na cire wayoyin hita na sa ƙwan fitila mai zare a madadinta, na kunna, ƙwan ya kama. Na busa wa kan sensar iska mai zafi har lambar allo ta wuce inda aka saita, ƙwan ya mutu. Na janye, ya dawo. Bod da tirayak suna jin magana. Wanda zai canza sensa ya kula da ƙafafunta, don in aka juya su bod zai ga zafi yana sauka alhali hawa yake. A tsarin launin wayoyi na ƙasa da ƙasa kore ne mai ƙari, fari mai ragi. A na Amurka rawaya ne mai ƙari, ja kuma shi ne mai ragi, abin da ke rikita wanda ya saba cewa ja kullum mai ƙari ne.

Warin da ya tashi mutane

Ruwan hazo na kamfani yawanci gaurayen gilaikol ne da ruwan da aka cire wa ma'adinai, wasu kuma da gilisarin a ciki. Kowanne da zafin tafasarsa: furofilin gilaikol 188, tirayetilin gilaikol wajen 285, gilisarin 290. Shi ya sa kowane kamfani ke nacewa a kan ruwansa, ba don cin kasuwa kaɗai ba. An saita zafin dunƙulen da saurin famfo ne a kan wancan haɗin. Gilisarin ba guba ba ne, amma in ya ƙone yana rikiɗa ya ba da akurolin, wanda shi ne yajin da ke tashi daga man girki da ya wuce wuta, mai sa hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro. Tazarar da ke tsakanin tafasarsa da ƙonewarsa ƙanƙanuwa ce. Haɗin kemis mai kauri a cikin dunƙulen da ya wuce zafinsa, ba makunnin da zai yanke, abin da mutanen teburan gaba suka shaƙa ke nan. Abin da bai fita ba ya zauna a bututun ya zama gawayi, ma'adinan ruwan leda kuma suka bar nasu farin dutsen a kai.

Ko hazo mai kyau ma an yi bincike a kansa. A shekarar 2000 an fitar da wani nazari da ƙungiyar 'yan wasan dandamali ta Amurka da masu gidajen wasa suka sa makarantar likitanci ta Mount Sinai da ke New York ta yi, ya nuna cewa yawan gilaikol a iska yana da alaƙa da ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro ga masu wasa, aka kuma sa iyakar da ba a wucewa. Wannan a kan inji mai lafiya da ruwa na ƙwarai ne. A zauren biki da ke da tsofaffi da jarirai da masu asma, in hazo ya canza launi ko ya fara wari, a kashe kawai, ba a jiran a ga ko zai gyaru.

Gyaran

Fiyus ɗin da na sa mai lamba ɗaya ne da na asali, an samo shi a Sabon Gari. Ba a sa wanda ya fi shi don a huta da narkewa, kuma ba a yi masa dalma, matse shi ake da ƙarfen matsi, don zafin dalma kaɗai zai iya narkar da shi tun ba a kunna ba, kuma dalma ba ta jure zafin wurin. Tsohon makunnin kariya ban mayar da shi ba duk da yana motsi, tunda an gasa shi fiye da abin da aka yi shi dominsa. Na goge mazaunin sensar, na danne ta da sabon sukuru da ɗan zoben ƙarfe mai tsauri da ke hana kwancewa. Farin man nan da ake shafa wa furosesar kwamfuta ban sa ba, yawancinsa bushewa yake ya farfashe a wannan zafin. Na ɗaure mahaɗar da ke yoyo, na canza audugar da sabuwa mai jure wuta na ɗaure ta da waya, da takunkumi a fuska don ƙurarta ba ta shaƙa ba ce. Wayoyin da rigarsu ta ƙandare na canza su da masu jure zafi. Matata da fanka da ƙarfen sanyaya tirayak duk aka wanke.

Bututun ya fi ba da wahala. Wasu kamfanoni sun yarda a wanke da kashi 80 na ruwan da aka tace ta hanyar tururi da kashi 20 na farin binega, wasu kuma sun hana, don haka sai a duba littafin injin. Mai zuwa sayen irin wannan ruwa wurin masu batir ya fayyace cewa marar asid yake so, kada a ce ruwan batir a miƙo masa wanda zai cinye famfo. Binega yana narkar da farin dutsen ruwa, amma ba ya taɓa gawayi. Bayan wanki da ɗauraya ruwa ya ƙaru, sai dai bai koma yadda yake fita daga bakin famfo ba.

Gwajin ƙarshe na yi shi ne yadda injin ke aiki a zahiri: murfi a rufe, ruwan kamfani a tanki, tsawon lokacin dina guda, tawa sensar tana ciki. Na bi da shi ta yanayin da ya fi tsanani, wato fanka a ƙure da hazo kaɗan, sannan hazo a ƙure, sannan na bar shi a kunne ba ya fitar da komai. Lambobin biyu suka riƙa tafiya tare da bambancin 'yan digiri kaɗan, makunnin kariya bai motsa ba.

Duk wannan bayani na injin mai hita ne. Akwai masu kwamfureso, irin DF-50 na kamfanin Reel EFX, waɗanda ke farfasa mai da matsin iska ba tare da dafa shi ba. In irinsu ya yi zafi, a duba motar da ke juya kwamfureson da matatar iska da irin wutar da aka yi shi dominta, ba dunƙulen hita a ciki balle sensarsa.

Da maigidan ya zo ɗauka na faɗa masa abin da ya rage. "Alhaji, zafin ya warke, amma gawayin da ke cikin bututun ba zai fita ba. In aka ƙure hazo zai riƙa tofo ɗigon ruwa a baki, ƙasa ta yi santsi. Ko a riƙe shi a matsakaici, ko a nemo sabon dunƙule." Ya zaɓi a riƙe shi a matsakaici har lokacin bukukuwan bayan salla ya wuce. Na nuna wa yaron iyakar da zai tsaya a kan teburin sarrafa fitilu, ya manna tef a wurin. Maganar fito da injin daga ƙarƙashin tebur ya karɓa nan take, ya ce shi zai ji da masu kwalliya. Ta ruwan kamfani kuwa sai da ya ɗauki waya ya lissafa kuɗin galan da yawan dinar da yake kaiwa, ya kwatanta da kuɗin sabon dunƙule da na jirginsa, sannan ya ce wa yaron ya zubar da sauran haɗin kemis ɗin da ke sito.